Irin Doya a Gaban Majalisa

Ranar da aka kira ni gaban majalisar kwaleji, ga waɗanda na tarar a zaune. Fasto ne a babbar kujera, shi ke jan taron, da 'yar gudumar katako a gabansa. A damansa shugaban kwaleji, mutumin kudancin Kaduna, dogo, mai yawan cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Kusa da shi dattijon da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, wanda ya san dokokin cocinmu fiye da yadda ya san jikokinsa. Sai malamar tarihi, ita ce ƙarama a cikinsu, an ba ta kujera ne a madadin malamai. Sai ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda aka zaɓa dattijo bayan ya bar noma ya buɗe shagon siminti a Sauka Kahuta. Akwai kujeru biyu da masu su ba su zo ba. Ni kuwa aka ajiye ni a kujerar roba kusa da ƙofa, da buhu a gindin ƙafata.

Abin da ke cikin buhun shi ya kawo ni. Irin doya ne, wanda ya kamata a ce yana cikin ƙasa tun ruwan fari. Ga masarar maƙwabta ta kai gwiwa, shi yana rumbu yana mutuwa. Na zo ne a faɗa mini inda zan shuka shi. Iyakar buƙatata ke nan.

Ni ce uwar kicin a wannan makaranta, kuma makullin rumbu a hannuna yake. Ban yi boko ba, ban kuma taɓa ɓoye hakan ba. Amma duk wanda ya ci abinci a nan ta gaban idona ya wuce. Na san mai dawowa layi sau biyu da wata riga, na san wadda ta daina cin abinci don saurayi ya juya mata baya, na san wanda ke kai rabonsa gida a leda ranar Asabar saboda ƙannensa. Na farko nakan kore shi, ta biyu nakan zaunar da ita a gabana sai ta cinye, na uku kuwa nakan kau da kai in ƙara masa. Suna ce mini Mama a fuska. Abin da suke kira na a bayan ido ma na sani, ban damu ba.

Kwalejin ƙarama ce. Idan ka hau keke daga Fadikpe ka ce kwaleji, ta gwamnati za a kai ka. Sai ka ce ta coci, ta bayan gari, sannan mai keken zai gane, ya kuma ƙara maka kuɗi saboda hanya. Ɗalibanmu ba su fi cika ɗakin sujada ɗaya ba. Ba a koya musu gyaran mota ko allura. Tarihi suke yi, da harsuna, da kiɗa, da tauhidi, da wani karatu na tunani wanda na taɓa tsayawa ta taga na saurara, na ji suna gardamar mene ne adalci tun hantsi har tuwo ya huce. Da safe a buga guntun ƙarfen dogo da ke rataye a bishiyar mangwaro, kowa ya fito sujada. Yaranmu Musulmi, 'yan kaɗan ne, su kuma suna da shimfiɗarsu a gefen geti, da azumi nakan ware musu nasu kwanon har magariba. Da yamma masu waƙa suna gwaji a gefe guda, masu ƙwallo suna ihu a ɗayan gefen, masu muhawara suna nuna wa juna yatsa a ƙarƙashin dalbejiya kamar za su daku, ƙarshe su zo su ci a kwano ɗaya. Haka na san wurin.

Ma'aikatan jirgin ƙasa da suka zo daga kudu su suka kawo cocin nan Minna. Cocin dattawa muke ce masa, domin ba mutum ɗaya ke mulki ba. Komai sai dattawa sun zauna, wani ya kawo shawara, wani ya goya masa baya, a ɗaga hannu a ƙirga. Fasto ma hannu ɗaya gare shi. Da suka so wurin koyar da yara, wurin babana suka zo, ya yanka musu gonarsa ta gindin kaɗanya. A ƙarƙashin wannan kaɗanyar aka fara karatu. Duwatsun ɗakin sujada iyayenmu mata suka kwaso daga rafi, a kafaɗa, don mu Gbagyi ba ma ɗora kaya a ka. Ina 'yar ƙarama ina bin su da ƙwaryar ruwa. A lokacin maza kaɗai ake ɗauka. Da aka fara ɗaukar mata, ina da goyo a baya. Makarantar ta tashi daga ajin yamma ta zama ta masu bishara, ta zama ta horar da malamai, har ta kai abin da take yau, ni ina kicin ina kallo.

Akwai shekarar da aka yi gudu, mutanen kudu suka kwashe iyalansu suka koma gida. Makaranta ta rage malami ɗaya da ɗalibai 'yan tsiraru, ba abinci, ba mai aikowa. Babana ya buɗe rumbunsa ya ciyar da su. Da ruwa ya sauka sai ya kawo musu iri da garma, ya ce su shuka. Manyan cikinsu suka ce su fa sun kusa gamawa, kafin doyar ta nuna sun tafi, wa za su noma wa? Ya ce musu, "Wadda kuka ci jiya ku kuka shuka ta?" Suka ɗauki garma.

Daga nan abin ya zama al'ada. 'Yan ajin ƙarshe, da zarar ruwan fari ya jiƙa ƙasa, kowa zai tayar da kunyar doyarsa da hannunsa, ya binne iri, ya sa mata hular ciyawa don kada rana ta dafa shi. Su yi jarrabawa su tafi. Ƙarshen damina sababbin ɗalibai su zo, su tona abin da waɗanda ba su taɓa gani ba suka shuka, a daka sakwara ranar godiyar kaka, a ci har a bar saura. Ni kuma in zauna in ware ƙananan da za su zama iri, in kai rumbu in kulle. Irin babana ne har yau, bai taɓa yankewa ba. Fara ce mai dogon wuya, tana jinkirin nuna, amma sakwararta ba ta saki ko ta kwana. Yanzu ba ka samunta a kasuwa, kowa ya koma wa mai saurin fitowa. Gonakin gidanmu na wajen Ketaren Gwari duk sun zama gidaje da shaguna. Iyakar sanina, abin da ke rumbun kwaleji shi ne ya rage.

To bara wani tsohon ɗalibi, wanda ya zama babban mutum a Abuja, ya yi alkawarin gina mana ɗakin kwamfuta. Na tuna shi sarai, mai dawowa layi sau biyu ne. Injiniyan da ya turo ya zaga makaranta, ya ce babu wurin da ya dace sai gonar doya, don shimfiɗaɗɗiya ce kuma tana kusa da turken wuta. Majalisa ta rabu, wasu na so, wasu ba sa so. Sai aka kafa kwamiti. Dokarmu kuwa ita ce, maganar da ke hannun kwamiti ba a taɓa ta har sai ya kawo rahoto. Masinja ya zo kicin ya ce shugaba ya ce kada garma ta taɓa gonar.

Ni ba ni da rigima da kwamfuta. Yaran nan suna tafiya har cikin gari su biya kuɗi don a buga musu takarda, ina gani. A gina. Abin da na nema shi ne a ce mini e ko a'a tun da rani, in a'a ne a nuna mini wani gefen. Na je wurin shugaba tun ana zafi, ya miƙe tsaye ya gaishe ni, ya ba ni ruwan sanyi, ya ce ana dubawa. Na je wurin fasto, ya yi mini addu'ar haƙuri. Na je shagon ƙanena, ya ce shi hannu ɗaya gare shi, in bari a zauna. Aka zauna, aka ce kwamiti ya naɗa ƙaramin kwamiti ya je ya auna filin. Aka sake zama, aka ce mai igiyar awo bai samu zuwa ba. Ruwan fari ya sauka, na biyu ya bi shi, ciyawa ta rufe gonar, ni ina wucewa ta gefenta safe da yamma kamar baƙuwa.

Iri ba ya sanin kwamiti. Da ya ji damshi ya fara tsiro a rumbu, dogaye kamar bulala, suna neman haske ta jinka. In karye su, bayan kwana kaɗan wasu su fito, duk fitowa kuma doyar na ƙara motsewa tana yamushewa. Wasu suka yi laushi, in ka danna yatsa ya shige. Ɓeraye suka samu nasu. Duk ranar da na buɗe ƙofar sai warin ruɓa ya tare ni, in fitar da matattu in zubar a bayan kicin. 'Yan ajin ƙarshe kuwa jarrabawa ta matso musu. Wasu in sun zo karɓar abinci su tambaye ni yaushe za a shiga gona. Wasu kuma murna suke yi a fili, wai bana sun huta da kanta a hannu. Ɗaya ya ce mini ai yanzu zamanin waya ne, zai turo wa sababbi hoton doya. Na rage masa nama.

Da na ga abin ya ƙi, na ce wa ƙanena ko dai ya sa a kira ni gaban majalisa ko in shigo ba a kira ni ba. Ya san ni. Ya sa aka kira ni.

Aka buɗe da addu'a mai tsawo. Aka karanta abin da aka tattauna a zaman baya, dattijon jirgin ƙasa ya tsayar da karatun saboda an rubuta wai shi ya goyi bayan wata shawara alhali shi ya kawo ta. Aka gyara. Aka shiga maganar janareto, aka shiga maganar rigunan mawaƙa, aka daɗe a kan kalar atamfar da za a yi anko da ita a bikin tunawa da kafa makaranta, shuɗiya ko ruwan toka. A kan atamfa an ɗaga hannu an gama a zama ɗaya. Ina zaune ina jin hadari yana haɗuwa ta gabas, iska tana buga labule. Sau ɗaya na buɗe baki, fasto ya ɗaga mini tafin hannu a hankali, ya ce baƙo ba ya magana sai mai jan taro ya ba shi dama.

Baƙo. Na haɗiye.

Da aka zo kaina, fasto ya ce Mama tana da magana, a takaice. Na ɗauki buhun na je na zazzage shi a kan tebur, a kan takardunsu. Shugaba ya janye tabaransa da sauri. Doya ɗaya ta mirgina ta tsaya a gaban dattijon jirgin ƙasa, ruwa na fita daga gindinta.

Na ce, "Ga su nan. Ku tambaye su ko za su jira kwamiti."

Fasto ya ce, "Mama, mun ji kukanki, kuma Ubangiji ya ga zuciyarki."

Na ce, "Ubangiji ya aiko da ruwa tun tuni, Fasto. Nasa ya yi. Naku nake jira."

Ƙanena ya yi tari, ya ɗaga hannu. Ya ce yana kawo shawara a ba ni filin da ke bayan filin ƙwallo na bana kawai, tunda ba wanda ke amfani da shi sai awakin masu gadi. Malamar tarihi ta ce ta goyi baya. Amma dattijon jirgin ƙasa ya riga ya ɗaga yatsa. Ya ce shi ba ya ƙin doya, shi ma ya ci ta shekaru, amma lokacin da aka kafa kwamiti an danƙa masa duk maganar filayen kwaleji ne, ba gonar kaɗai ba. Majalisa ba ta ƙwace abin da ta bayar sai kwamiti ya dawo da shi da kansa. In aka karya wannan yau saboda doya, gobe wani zai karya saboda wani abu, daga nan sai mutum ɗaya ya hau kan kowa, abin da kakanninmu suka guje wa ke nan.

Na tambaya ina shugaban kwamitin. Aka nuna mini ɗaya daga kujerun da babu kowa. Ya tafi bikin 'yarsa. Na ce a kira shi a waya. Dattijon ya ce rahoto ba ya zuwa ta waya, sai a rubuce, a kuma gaban zama.

Na ce masa, "Baba, da kake aikin jirgi, in ka hango gada ta karye, tsayar da jirgin kake yi ko zama kake kira?"

Ya ce, "Mama, jirgi ma a kan layi yake tafiya. Ranar da ya bar layi ranar ake kwasar gawa."

Ba zan ce ƙarya ya yi ba. Shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Mutumin nan shi ya hana wani shugaba na baya sayar da rabin makarantar, da wannan yatsan nasa. Fasto ya buga guduma ya ce shawarar ba ta kan ƙa'ida, an ajiye ta sai zama na gaba. Na tambaya yaushe ne zama na gaba. Aka ce bayan an yaye ɗalibai.

Na juya wurin ƙanena na ce, "Kai da aka yaye ka da doyar nan, iyakar abin da za ka iya ke nan?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, nan ba gida ba ne."

"Na ga alama. A gida da tuni ka sha ludayi."

Shugaba ya yi dariya ya maida ita tari. Ya ce shi dai yana ganin in kiɗa ya canza dole rawa ta canza, yaran yanzu da wuya ka samu wanda zai koma gona, wataƙila lokaci ya yi da za a nemi wata hanyar koya musu wannan darasin. Na ce masa ni ban san darasi ba, abinci na sani. Sababbi za su zo ƙarshen damina, me za su tona? Ya ce za a sayo doya a kasuwa ranar godiyar kaka, ba za a bar su da yunwa ba.

A nan ne malamar tarihi ta nemi izini. Yarinyar kirki ce, ba ta taɓa wuce ni ba ta rusuna ba, kuma ta sha zuwa kicin da wayarta tana ɗaukar muryata a kan yadda aka kafa makaranta. Idonta ya ciko. Ta ce abin da ke kan teburin nan shi ne tarihin kwaleji mafi tsufa, ya girmi ɗakin sujada a wurinta, bai kamata ya ɓace ba a gani ba. Tana kawo shawara a zaɓi uku mafi kyau, a busar, a shafa musu man katako mai sheƙi, a sa a akwatin gilashi a laburare, da hoton babana a sama, a buɗe ranar biki.

Kai ka ga yadda fuskokinsu suka washe. Shugaba ya goyi baya tun ba ta rufe baki ba. Dattijon jirgin ƙasa ya duba, ya ce wannan ba maganar fili ba ce, maganar laburare ce, tana kan ƙa'ida. Aka ɗaga hannu, duka, har da ƙanena. Fasto ya ƙara da cewa a rubuta godiyar majalisa ga Mama bisa amanar da ta riƙe, suka miƙe suka tafa mini. Ina tsaye a tsakiyarsu da buhu wayam a hannu.

Na ce wa malamar, "'Yata, abin da aka sa a gilashi ya haihu?"

Ta ce, "A'a Mama, amma za a riƙa tunawa."

"Kabari ma don tunawa ake yi masa alama."

Na ga na soke ta, ita kaɗai ce kuma ta goyi bayan filin da farko, amma ban janye ba. Ta zaɓi ukunta. Ta iya zaɓe kuwa, masu ƙarfin cikinsu ta ɗauka, waɗanda da sun fi kowa yi a ƙasa.

Na tambayi fasto sauran fa, na tebur da na rumbu. Ya dubi dattijon, dattijon ya ce abin da ke rumbu kayan kicin ne, yana hannun uwar kicin, ta yi yadda ta ga ya dace. Shugaba ya ce ko a yi wa yara fate da su kafin su ƙarasa lalacewa. Na sa fasto ya maimaita mini, ya maimaita, yadda na ga ya dace. Na ce a rubuta. Aka rubuta. Na kwashe doyata na fita, ruwa ya kece kafin in kai kicin, na shiga a jiƙe. Matan da ke aiki a ƙarƙashina suka ga fuskata, ba wadda ta tambaye ni yadda aka yi. Tuwon yamman nan ya yi gudaji, na sa aka sake tuƙawa.

Washegari da sassafe na buɗe rumbu na fito da komai waje. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, in danna, in sansana. Fiye da rabi sun tafi. Na yanke ruɓaɓɓen gefe a waɗanda za su yanku, na shafa musu toka, na loda masu rai a baro.

Bayan katangarmu ta yamma akwai gonar wani Alhaji. Gidansu da namu tun kakanni muke iyaka, babansa da babana tare suke gayya. Na same shi ya riga ya fito yana duba masararsa bayan ruwan jiya. Muka gaisa, ya tambayi ƙafata, na tambayi Hajiya. Ya leƙa baron, ya ɗauki ɗaya ya juya ta a hannu, ya daɗe yana kallon wuyanta.

Ya ce, "Wannan ai ta Baba ce. Tana nan ashe?"

Na ce, "Tana nan, amma ba ta da wurin kwana."

Na faɗa masa yadda aka yi, a takaice, ban zagi kowa ba. Ya ce an makara ƙwarai, ko ta yi ba za ta yi girma ba, wataƙila iri kawai za a samu. Na ce iri nake nema. Ya nuna mini wani zirin fili daga gindin katanga zuwa bakin kwari, inda ya yi niyyar zuba wake. Ya ce in ta yi, a ba shi kaɗan shi ma ya mayar gonarsa. Na ce ya samu. Iyakar zaman da muka yi ke nan, a tsaye.

Na koma kicin na tarar kunu ya dahu, ƙosai na fitowa daga mai. Na ce wa matan su raba biyu. Rabon ƙananan aji a bar shi a inda aka saba. Na 'yan ajin ƙarshe kuwa a ɗora a baro a fita da shi ta ƙaramar ƙofa, a ajiye a gindin katanga ta waje. Garemanin da ke rumbu ma na sa aka kwashe. Mai gadi ya tambaye ni ko shugaba ya sani, na ce masa kayan kicin ne, an rubuta.

Da aka buga ƙarfe bayan sujada, 'yan ajin ƙarshe suka zo taga da kofunansu, na ce musu karin kumallonsu yana bayan katanga. Suka yi ta gunaguni. Wata ta ce tana da lacca, wani ya ce wannan danniya ce, zai kai ƙara majalisa. Na ce ya kai, za su zauna bayan an yaye shi. Wasu suka juya suka tafi sayen burodi a geti, ban kira su ba. Sauran suka biyo ni, da silifas, da littattafai a hammata.

Da yawansu ba su san riƙon garma ba. Mai maganar hoton doya ya tayar da wata aba kamar kabarin kaza ya tsaya yana haki, na sa ya rushe ya sake. Wata 'yar Binuwai ta tuɓe takalmi ta karɓi garmar daga hannunsa ba ta ce masa komai ba, ta tayar da tata har ƙugu, sauran suka tsaya kallo, na ce kallo ba ya tara ƙasa. Alhaji yana daga cikin masararsa yana dariya ƙasa-ƙasa. Ni na bi layi da baro, ina miƙa wa kowa irinsa, ina nuna masa gefen da zai kalli sama. Irin ya ƙare kafin yaran su ƙare. Waɗanda ba su samu ba na tura su bakin kwari su yanko ciyawar hula, sannan na buɗe tukunyar kunu.